Ƙarfen da Ya Ƙi Karɓar Walda

Ishaku, ɗan ƙanena, shi ya jawo wannan maganar. Wata Asabar ina zaune a shagon waldarsa da ke hanyar tasha a nan Zuru, shi da abokan aikinsa suna haɗa ƙofar wata makaranta, sai ɗayansu ya ciro waya ya nuna musu bidiyon irin injin da na yi wa aiki a Jamus. Suka ga mutane cikin fararen riguna suna jera ƙananan ƙarafa a jikin bango kamar masu sa tayil. Ishaku ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa ya ce, "Baba, ashe aikin naku ma walda ce irin tamu. Ku dai kun samu ɗaki mai sanyi ne, kuma ba a ɗauke muku wuta."

Na taya su dariya, don rabin maganarsa gaskiya ce. Sauran rabin nake so in faɗa muku, ku da kuke ganin duk wanda ya iya riƙe kan walda ya gama sanin ƙarfe.

A garin nan na fara. Mahaifina tsohon soja ne. Da ya ga na gama firamare ina yawo, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Bawa, wani Bakabe da ya zauna a Zuru yana walda a bayan kasuwa. Sunana Ango, amma sai da na daɗe a wurinsa kafin ya fara kirana da shi. "Kai yaro" ne kawai. Kayan aikinsa ba su da yawa: tukunyar kabaid mai ba da gas ɗin wuta, tulun iska, kan walda, magagari, burushin waya, da wata tsohuwar awartaki da ba ya ba kowa aro. Na daɗe ban taɓa kan walda ba, aikina gugar ƙarfe. In manomi ya zo daga Ribah da karyayyar garma ɗaure a bayan keke, ni ke zama in kankare laka da tsatsa a bakin karayar har ta yi fari, in kai masa ya duba. In ya miƙo mini ita bai ce komai ba, na san ban gama ba.

Wata mata daga Bena ta taɓa kawo mana kan injin niƙanta, ya tsage daga baki har gindi. Ƙarfen zubi ne, wanda kuke kira kas, kuma kun san halinsa. Malam Bawa ya sa na fafe tsagar da magagari, muka hura gawayi muka dafa kan injin gaba ɗayansa har ya fara ja, sannan ya ɗauko sandar tagulla da hodar walda ya bi tsagar a hankali. Ina kallo tagullar ta narke ta shige ciki da kanta, kamar mai a jikin tsumma. Da ya gama sai ya sa muka binne shi cikin toka mai zafi. Matar ta ce ita mota za ta bi yanzu, gobe kasuwa, mutane na jiran niƙa. Ta yi magiya, ta yi faɗa, ya bar ta ta gama.

"Baiwar Allah," in ji shi, "in kin ɗauke shi yanzu, kahin ki kai Bena ya sake tsagewa. Bar shi shi kwana cikin toka."

Ta kwana a gidan 'yan'uwanta, da safe ta ɗauki kayanta. Abu biyu na koya a wannan aikin. Akwai haɗin da ba a narkar da ƙarafan da ake haɗawa, wani ƙarfe na uku ne ke narkewa ya shiga tsakaninsu, kuma ba ya shiga sai inda aka share masa tas. Sannan ƙarfe ya fi karyewa a lokacin da yake hucewa, ba a lokacin da yake cikin wuta ba.

Malam Bawa ne da kansa ya kore ni zuwa makaranta. Ya ce hannuna ya faɗa, amma ina yawan tambayarsa dalilin abubuwa, shi kuwa ya gaji da cewa haka ya tarar ana yi. Na shiga makarantar koyon sana'a, daga nan kwalejin fasaha, daga nan na samu aiki a ɗakin gwajin ƙarafa na wata jami'a, ina kula da tanderu. Na yi shekaru a wurin. Wani malami da ya yi bincikensa a Jamus ne ya ba da sunana da aka buɗe gurbin horar da masu irin aikina a wata cibiyar bincike a can. Kwas na ɗan lokaci na je yi. Da na gama suka ce mai tanderunsu ya kusa ritaya, ko zan tsaya. Na tsaya har tawa ritayar.

Bari in gaya muku abin da injin nan yake, don bidiyo ba ya faɗa. So ake a samar da lantarki ta hanyar da rana take samar da zafinta, wato a matse ƙwayoyin wata iska mara nauyi har su haɗe da juna su saki zafi. Wutar da ke cikin injin babu tukunyar da za ta iya riƙe ta, don haka da maganaɗisu ake rataye ta a tsakiya, ba ta taɓa bango. Duk da haka hucinta kaɗai ya isa ya narkar da yawancin ƙarafan da kuka sani. Shi ya sa ake so a lulluɓe bangon da tungustin. Kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne siririyar wayar da ke ci a cikin tsohon ƙwan fitila, shi ne kuma tsinken da ke bakin waldar agon. Sai zafi ya wuce digiri dubu uku yake narkewa. Kuma kafin wani ya tambaye ni, har yau irin wannan injin bai fara ba kowa wuta a gida ba. Gina shi ake yi, gunduwa-gunduwa, a ƙasashe da yawa. Mu gunduwarmu bango ce.

Tungustin yana da aibi ɗaya babba. In ya yi zafi sosai kuma iska ta same shi, sai ya yi wata irin tsatsa rawaya, tsatsar kuma ta tashi sama kamar hayaƙi. Shi ya sa ƙwan fitila ke mutuwa nan take in gilashinsa ya fashe. A cikin injin babu iska, an zuƙe ta. To amma a ce an yi hatsari, ruwan da ke sanyaya bango ya tsaya, wani wuri ya fashe iska ta shiga. Bangon da ya daɗe yana aiki zai ci gaba da zafi da kansa har makonni, ko an kashe komai. Sai ya fara tashi hayaƙi, hayaƙin kuma ɗauke da gubar nukiliya, ya fita ya sauka a gonakin mutane. Aikin rukuninmu shi ne mu hana wannan. Muna gauraya tungustin da kurom, wannan farin ƙarfen mai sheƙi na kan keke, da ɗan ƙanƙanin wani sinadari da ake kira itiriyom. In iska ta taɓa gaurayen yana da zafi, kurom ɗin ya taso sama ya yi fata mai tauri, ta rufe hanya, sauran ƙarfen ya tsira a ƙarƙashinta.

Ranar da na fara aiki da tsoho Otto, mai tanderun da zan gada, na riga na haura arba'in, na kuma yi zaton na san tanderu. Ya miƙo mini safar hannu da farin ƙyalle da kwalbar sinadarin wanki, ya nuna mini cikin tanderun ya ce in goge. Na koma yaron shago da furfurata. Tanderun ba irin namu ba ne. Tulu ne na ƙarfe mai kaurin bango, ana rufe shi a zuƙe iskar ciki kaf kafin a kunna wuta, akwai 'yar taga ta gilashi da ake leƙawa. Otto ba mai yawan magana ba ne, Jamusancina kuma a lokacin bai taka kara ya karya ba, don haka da hannu ya koya mini yawancin abin da na sani. Wata rana ya ɗauko gutsuren ƙarfe biyu da aka goge, ya dangwala yatsansa a kan ɗaya, ya sa su duka a wuta. Da aka fito da su, ga zanen yatsan nan baƙi ƙirin a jikin ƙarfen, haɗin kuma ya zagaye wurin ya ƙi kamawa. Tun daga ranar ban sake taɓa ƙarfen aiki da tsirarar hannu ba.

Shi kansa gaurayen ba a tukunya ake narka shi ba, don kafin tungustin ya narke kurom ya daɗe da ƙonewa. Da gari ake farawa. A auna garin kowane ƙarfe a cikin wani akwatin gilashi da aka cika da agon, iskar da ba ta sa ƙarfe tsatsa, hannunka cikin dogayen safar roba da ke manne a jikin akwatin, hancinka na ƙaiƙayi ba halin sosawa. A zuba a tulun ƙarfe tare da ƙwallaye masu nauyi, inji ya yi ta juya shi kwana da kwanaki har garin ya shige cikin juna. Sannan a ɗura shi a wani mazubi na baƙin gawayi mai tauri, irin na bakin fensir, a matse shi da ƙarfi a sakar masa lantarki. Abin da ke fitowa bai fi murfin gwangwanin madara faɗi ba, amma in ka ɗauka sai hannunka ya yi ƙasa, ya fi dalma nauyi nesa. Ga shi da tauri, zarto ba ya kama shi, sai faifan daimon da ruwa. Ga shi kuma da saurin fashewa kamar tangaran. In ka matse shi a bakin abin damƙe ƙarfe na kan benci yadda kuke matse rodi, ka yi asarar aikin wata guda.

Mu ma muna da abokan ciniki, kuma ba su fi manomin da ya ga hadari ya taso haƙuri ba. Masu zanen injin ne. Su ke cewa ga girman da suke so, ga zafin da zai ɗauka, ga ranar da suke so. Sun ma fi manomi wuyar sha'ani ta wani wajen, don sukan hana ka kayan aikin da ka fi yarda da su. Azurfa tana haɗa ƙarfe da kyau ƙwarai, haka ma nikel, amma suka ce kada mu kuskura, wai a cikin wannan injin suna zama guba mai daɗewa, jikoki su gaji sharar da ba su san yadda za su yi da ita ba. Ka ga an ce ka yi miya an ɓoye gishiri. Ba ka da ta cewa, gaskiya ce da su.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ta biyo bayan ritayar Otto. Gaurayen ya riga ya yi kyau, an gwada shi a iska mai zafi ya yi fatarsa ya zauna lafiya. Saura a manna shi a jikin baƙin ƙarfen da ruwan sanyi ke bi ta cikinsa, don in ba a manna ba, tayil ne a hannu, ba bango ba. Shugabar rukuninmu, Dakta Hilda, mace ce gajera mai saurin tafiya, ba ta ɓoye wa kowa labari mara daɗi. Ta tara mu ta ce an ba mu gurbi a babban injin gwajin zafi da ke wani gari, kuma layin wurin dogo ne, wanda ya rasa gurbinsa sai wata shekarar. Dole mu je da tubali haɗaɗɗe, tayil a sama, baƙin ƙarfe a ƙasa.

Haɗin farko da na yi, na goge fuskokin biyu har ina ganin kaina a ciki, na shimfiɗa ganyen ƙarfen haɗi a tsakani, siriri kamar takarda, na ɗora nauyi a kai, na rufe tanderu. Ina leƙe ta taga na ga ganyen ya narke. Maimakon ya bazu, sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye, kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Da aka huce na ɗaga tayil ɗin da yatsa biyu, ya taso kamar ba a taɓa sa shi ba. Na sake, na ƙara zafi, na canza ganye, duk labarin ɗaya. A gefen baƙin ƙarfe yana kamawa, a gefen tayil yana ƙi.

Dakta Hilda ce ta gano dalili a madubin ƙara girma, ta kira ni in gani. Fatar nan da muka sha wahala muka koya wa ƙarfen yi, ita ce ke korar haɗin. 'Yar iskar da ta rage a tanderu, wadda ba ta dami kowane ƙarfe ba, ta ishe shi ya rufe fuskarsa kafin ganyen ya narke. Abin da muka gina shi ya yi, shi yake yi mana. Ita ta ɗauki rabin matsalar: ta nemo hanyar share fuskar tayil a cikin wata na'ura da babu iska, a shafa mata jan ƙarfe siriri nan take, kafin iska ta gan ta. Ni na ɗauki rabin tanderu. Na kwance shi ƙusa-ƙusa, na canza duk robobin bakin ƙofa, na riƙa dafa shi wayam babu komai a ciki don ya fitar da dattin jikinsa, na kuma riƙa ajiye ɓarɓashin wani ƙarfe mai saurin shan iska a gefen aikin, ya shanye saura kafin ta kai ga tayil. Ranar da na leƙa na ga haɗin ya bazu ya leƙo ta kowane gefe, siririn layi mai sheƙi, na kira ta ta zo ta leƙa ita ma.

Ba mu gama murna ba muka ji ƙarar. Tanderun na hucewa, ɗakin shiru, sai "ƙas", kamar an taka busasshen kara. Da na buɗe, haɗin ya kama ram, amma tayil ɗin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Dalilin a fili yake. In ƙarfe ya huce yana tsukewa, baƙin ƙarfe kuwa tsukewarsa ta ninka ta tungustin har da ɗoriya. Suna da zafi ka ɗaure su tare, suna hucewa na ƙasa ya ja, na sama ya ƙi biyo shi, mai tauri ya fashe.

A nan ne na tuna tokar Malam Bawa. Na ba Dakta labarin injin niƙan Bena, na ce mu rage saurin hucewa, mu bar shi ya sauka a hankali yadda ba a taɓa yi ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce lissafinta bai nuna zai isa ba, amma lissafi ya sha yi mata ƙarya, tanderu kuma nawa ne, in gwada. Na gwada. Na ja hucewar har ta cinye mana kwanakin da ba mu da su. Ya sake tsagewa, sai dai ya jinkirta. Ƙari a kan haka, baƙin ƙarfen ya yi laushi saboda daɗewa cikin zafi, ya tashi daga irin wanda masu zane ke so. Ta zauna ta zana mini a allo. Ta ce maigidana Malam Bawa kas ya haɗa da kas, jinsi ɗaya, toka tana sa ko'ina ya huce tare ne kawai. Mu kuwa jinsi biyu muka haɗa, ko shekara muka ba su suna hucewa, ɗaya zai fi ɗaya tsukewa. Dabarar da ta yi aiki a bayan kasuwar Zuru gaskiya ce, amma ba ta wannan ciwon ba ce. Na karɓa, muka wuce.

Abin da ya rage shi ne a yi musu matashi, wato filo, a tsakani. A sa faifan jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki, a tsakanin su biyu, shi mai laushi ne, ya riƙa miƙewa yana shanye jayayyar. Faɗinsa da baki da sauƙi. In faifan ya yi siriri, tayil ya fashe. In ya yi kauri, haɗin ya yi rauni. Kuma yanzu haɗi biyu gare ka maimakon ɗaya, sama da ƙasa, kowanne da halinsa. Muka rage girman tayil ɗin, muka yi ta canza kauri. Duk wanda ya fito bai tsage ba sai a kai shi na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, ta nuna mana baƙaƙen tabo inda bai kama ba. Kwandon da nake zuba waɗanda suka lalace ya cika, na samo wani.

Ana cikin haka Dakta ta je taro da masu ba da kuɗin binciken, ta dawo ta tara mu a tsaye. Ta ce an yi maganar a karɓe aikin haɗin daga hannunmu a ba wata cibiya, a rufe tanderun, tunda shekara ta kusa ƙarewa ba mu nuna komai ba. Ta roƙi a bar mu zuwa ranar gwaji, an yarda, iyakarta ke nan. Ta ce duk mai son neman wani wuri ya fara, ba za ta riƙe shi a zuciya ba, za ta ma rubuta masa shaida. Mutum ɗaya ya tafi, ban kuma ga laifinsa ba, yana da ƙananan yara. Ta tambaye ni ni fa. Na ce mata akwai jan ƙarfen da na yanka jiya yana jiran wanki, in ta gama magana zan je in wanke. A shekarar ban zo gida ba, har bikinmu na Uhola ya wuce.

Tubali biyu muka samu da suka wuce hoton ciki babu tabo. Na biyun na haɗa shi ne bayan na canza yadda nauyi ke zama a kan tayil, don na lura na gefe ba sa samun dannawa kamar na tsakiya. Na naɗe su da kaina, na riƙe akwatin a cinyata a cikin mota har garin da injin gwajin yake. Yadda gwajin yake, ana sa tubalin a ɗakin da babu iska, ruwa na bi ta cikinsa, a haska masa wuta mai tsananin zafi, a kashe, a sake haskawa, a kashe, a yi ta yi, don a ga ko haɗin zai gaji. Mu muna wani ɗaki muna kallo a allon kyamarar da ke ganin zafi.

Na farkon ya fara lafiya. Can sai tayil ɗaya na gefe ya fara fin 'yan'uwansa haske. Duk haskawa sai ya ƙara fari. Ba sai an gaya mini ba, zafinsa ya daina sauka cikin ruwa, ya ɗago daga ƙasa. Mai kula da injin ya kashe wuta tun kafin ya ɓalle ya ɓata musu ɗaki. Ya juyo ya tambayi Dakta ko a sa na biyun. Kowa a ɗakin ya san abin da tambayar ta ƙunsa. In muka koma da shi lafiyayye, muna da abin ɗorawa a tebur mu ce ga shi, lokaci ne ya ƙure. In muka sa shi ya bi ɗan'uwansa, mun koma hannu wofi.

Ta juyo gare ni. "Ango, hannunka ne ya haɗa shi. Mu sa, ko mu koma da shi?"

Na ce, "Dakta, wanda ba a gwada ba ai ba bango ba ne, kayan ado ne. A sa shi."

Aka sa. Na ja kujera na zauna gaban allon, idona a kan tayil ɗin gefe. Wuta ta zo, duka suka yi haske tare, wuta ta tafi, duka suka dushe tare. Aka wuce inda na farkon ya gaza. Aka ci gaba. An kawo abinci, nawa ya huce a gefe. Har mai injin ya kai ƙarshen abin da aka tsara ya ɗauke hannunsa, babu tayil ɗin da ya fi wani haske. Dakta ta miƙo mini hannu muka gaisa, ta fita waje ta yi waya. Ba a rufe tanderun ba.

Da muka koma cibiya, mutane suka yi ta zuwa ganin tubalin. Wani ya ce a yi masa akwatin gilashi a ajiye a zaure. Dakta ta bar su suka gama kallo, sannan ta ɗauko shi ta kawo mini bencina ta ajiye. Ta ce hoto daga waje ba ya faɗin komai, sai mun ga abin da wuta ta yi wa cikinsa. Ta ce in ina so ta ba wani ya yi. Na ce a'a, ni na san inda kowane haɗi ya bi.

Na ɗaure shi a injin yanka, na sakar masa ruwa, na sauke faifan daimon a tsakiyarsa. Shi ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma ni na raba shi biyu. Na goge bakin yankan da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya zama madubi, na kai ƙarƙashin madubin ƙara girma. Layin haɗin sama lafiya, na ƙasa lafiya. Na bi a hankali zuwa kusurwa. A can, cikin jan ƙarfen, ga wata tsaga siririya, ba ta kai silin gashi ba, ta faro daga baki ta nufi ciki ta tsaya.

Na kira Dakta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce da an ƙara mana kwanaki a injin, da ta buɗe, bangon gaske kuwa shekaru ake so ya yi. Ta tambaye ni ko zan iya kashe kaifin kusurwar jan ƙarfen, ta zama mai lanƙwasa, ba tare da na taɓa tayil ba. Na ce sai na gwada. Ta ce yaushe.

Na duba tanderun, ya yi sanyi tun tafiyarmu, ga ƙura a kan murfinsa. Na ce mata yau zan goge shi in dafa shi wayam, gobe da safe ta turo mini zanen. Na jawo safar hannu na sa.